Basaraken Dalma Mai Shuɗiyar Riga

Abin da zan faɗa ya faru ne a shekarar da gyare masu jajayen idanu suka fito daga ƙarƙashin ƙasa, suka cika itatuwan garin Sterling da kuka har mutum ba ya jin sallamar maƙwabcinsa. Shekarar da aka rufe masallatai saboda annoba ta riga ta wuce, an fara buɗe ƙofofi, ana salla da tazara tsakanin mutum da mutum. Ni kuwa na riga duk wannan zuwa ƙasar Turawan nan. Na zo ne a hunturun da dusar ƙanƙara ta binne motoci har ba a ganin rufinsu, ba a daɗe da rasuwar maigidana a Damagaram ba. Ban yi lakol ba, wato boko, ban san lissafin shekarun Nasara ba, amma ba a taɓa kama ni na sa na baya a gaba ba.

Wanda ya ɗauko ni ɗana ne na fari. Ba zan faɗi sunansa ba, don ban taɓa faɗa ba. A gidanmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Da aka yaye shi uwar mijina ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma, ita yake kira Inna. Ni kuwa Yaya yake ce mini, yadda ya ji ƙannena suna faɗa, har furfura ta fito masa bai sauya ba. In zan yi maganarsa sai in ce mai mota, don aikinsa ke nan, ɗaukar fasinja daga filin jirgi ya kai su inda za su. Matarsa ƴar zangon Kumasi ce, tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Mace mai tsabta da sakin fuska, Hausarta ce kawai sai na kasa kunne da kyau. Allah bai ba su haihuwa ba.

A falonsu akwai wani kabad na gilashi cike da ƙananan mutane na dalma, kowanne bai fi tsawon yatsana ba. Wasu bisa doki da sulke, wasu riƙe da tuta. Ran da na fara ganinsu na tambayi matar, "Ƴaƴan wa ke zuwa wasa gidan nan?" Ta yi dariya har ta dafa bango. Ta ce, "Mma, ai yaron naki ne, shi da ke da gemu."

Ashe tun yana lakol wani malaminsu ya cusa masa son labarin sarakunan Faransa na can da. Da ya zo nan ya tarar akwai masu zuba surarsu ƙanana suna sayarwa. Ta gidan waya ake aiko su, toka-toka, hannu daban, kai daban. Shi zai haɗa da gam, ya shafa musu launi da wani buroshi mai sirantar gashin ido. Har taro suke yi a zauren wani otal, yawanci tsofaffin Turawa, kowa ya jera nasa bisa tebur ana zagayawa ana leƙe. Na ce ban taɓa ganin magidanci na wasa da ƴar tsana ba sai a ƙasar nan. Ya ce, "Yaya, ba ƴar tsana ba ce, tarihi ne." Na ce wane irin tarihi ne wannan da za a iya haɗiye shi da ruwa. In zan yi salla a falon, mayafi nake yafa wa kabad ɗin. In na idar ma shi ke ninke mini mayafin.

A azumin shekarar gyaren nan aka kawo masa wani sabo. Wannan ba doki, ba takobi. Dattijo ne mai jiki, mai faffaɗar fuska da guntun hanci, zaune bisa kujera, da hular gashin dabba da riga har ƙasa, ga ɗan mitsitsin kare kwance a ƙafarsa. Fasinja sun yi ƙaranci a lokacin, don haka bayan azahar yana gida. Sai ya shimfiɗa jarida bisa teburin cin abinci, ya kunna fitilarsa mai madubin ƙara girma. Ni ina can kujerar nesa ina jan carbi, ban dube shi ba. Ko in ce ban bari ya ga ina dubansa ba.

"Wannan kuma wane gari ya ci da yaƙi?" na tambaya ina kallon taga.

Ya ce ai wannan ba don yaƙi ake tuna shi ba. Ɗan sarki ne, ƙanin sarki, baffan sarki, amma shi bai hau gadon ba. Ya yi zamaninsa ɗaruruwan shekaru kafin Nasara su san hanyar ƙasarmu. Abin da ya sa ba a manta da shi ba, ya tara masu zane da maƙeran zinariya da magina, ya ciyar da su, ya tufatar da su, suka yi masa littattafan addu'a irin na addininsu, da hotunan gonaki da gidaje da sararin sama a ciki. Shi da hannunsa ko layi bai ja ba.

"To da me ya ciyar da su?"

"Da harajin talakawa," ya ce yana dariya. "Sun sha wuya a hannunsa."

Na ce to na gane shi, muna da irinsa a gida. Amma labarin ya ɗan taɓa ni, don ni ƴar marina ce. Ubana da kakana a bakin karofi suka tsufa, hannuwansu shuɗi har wuyan hannu, ko wankan gawa bai fitar ba. Na san bambancin masu arziki. Akwai wanda zai sayi turkuɗi don kawai an ce na manya ne. Akwai wanda zai ɗaga shi a rana, ya juya shi, ya sa a kira masa marinin ya tambaye shi yadda ya tsoma. Irin wannan na biyun ko azzalumi ne, in ya mutu za ka ga marina a wurin jana'izarsa.

Ran da ya shafa wa rigar launi na kasa haƙuri. Na tashi kamar zan shiga kicin, na tsaya a bayansa.

"Wannan ai shuɗin bokitin roba ne."

"Yaya, haka yake a hoton."

"To mai hoton ya cuce shi. Mutumin da aka ce ya san hannu ba zai sa wannan ya fita ba."

Ya nuna mini hoton a wayarsa. Ya ce nasu shuɗin ba daga ganyen baba yake ba kamar namu, wani dutse ake kawowa daga ƙasa mai nisa a niƙa, shi ya sa yake da haske. Na duba na ga gaskiyarsa, amma ban ce masa ya yi gaskiya ba. Na ce ko da dutse aka rina, riga tana da lungu, lungun riga kuwa duhu gare shi, kafaɗa kuma inda rana ke sauka sai ta ɗauki ido kamar ta sha bugu. Ya jawo kujera ya ce in zauna in nuna masa.

Na zauna. Tun da aka yaye shi ban taɓa zama kusa da shi haka ba, har ina jin ƙamshin sabulun da ya yi wanka da shi. Ya riƙa haɗa launi a wani farantin tangaran, ɗigon wannan, ɗigon wancan, ina cewa ƙara, ina cewa ya yi yawa. Matarsa ta dawo daga aiki ta same mu kai da kai. Ta ce, "To fa, yau Mma ta shiga makarantar ƴan tsana. Nawa ne kuɗin shiga, ni ma in zo?" Na ce aikin banza nake gyarawa, kada a kai shi gaban Turawa a ce jikan marina ne ya yi.

Haka muka ƙare azumin. Kullum bayan azahar muna bakin teburin nan, ba ma sanin la'asar ta yi sai wayarsa ta kira salla. A nan ya tambaye ni abubuwan da bai taɓa tambaya ba. Yadda ake jiƙa baba da toka. Ko kakansa yana da faɗa. Ko gaskiya ne ranar da aka ɗauke shi zuwa ɗakin uwar mijina ban ko fito ba. Na ce gaskiya ne, ina daka. Ban gaya masa turmin babu komai a ciki ba.

Wata rana ya miƙo mini buroshin ya ce in ja lungu ɗaya da kaina, na bayan kafaɗar hagu. Na ce hannuna rawa yake yi. Ya riƙe mini wuyan hannu, muka ja tare. Layin bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Bayan ƙaramar salla ya ɗiga furannin zinariya a rigar, ya yi wa dattijon idanu, ya sa shi a tsakiyar kabad, masu dawakai suka koma gefe. Ya ce, "Yaya, ya yi?" Na ce, "Ba laifi." A gidanmu iyakar abin da ake ce wa ɗan fari ke nan, kuma ya sani. Ya ce in an buɗe taronsu da kaka zai tafi da ni, in ga yadda tsofaffin Turawa za su sunkuya suna kallon rinina. Na ce ƙafata ba za ta taka wurin ba. Washegari na fito da zanena mai kyau daga ƙasan akwati na ba matarsa ta goge mini.

Gyaren suna tsakiyar kukansu aka bugo waya da hantsi. Yana cikin motarsa a inda direbobi ke jiran fasinja, abokan aikinsa suka ga layi ya matsa shi bai matsa ba. Likita ya ce zuciya ce. Aka yi masa salla a babban masallacin Sterling, maza suka kai shi. Ni ban yi kuka a gaban kowa ba. Matan da suka zo gaisuwa suna ta cewa, "Kun ga haƙuri irin na mutanen da." Na bar su a haka.

Zaman makoki, mata muna sama a ɗakina, maza suna falo. Gida ya cika da direbobi ƴan Nijar da iyalansu, ga ƴan Ghana dangin matar da manyan tukwanen shinkafa da wake, ga yara ko'ina suna hawa suna sauka a matakala. Mai juya komai wata Hajiya ce daga Takoma Park, sa'ata kuma ƙawata, wadda babu haihuwa ko mutuwa a cikin Hausawan yankin nan da ba ita ke tsaye a kai ba. Ita ta tattara rigunansa da takalmansa da hulunansa aka raba sadaka ranar uku, yadda aka saba.

Da la'asar ɗin ranar, bayan maza sun watse, na sauko in miƙe ƙafa. Na tarar da kabad ɗin a buɗe, babu ko ɗaya a ciki. Hajiyar tana naɗe darduma.

"Hajiya, kin ga mun sauke masa nauyi," ta ce da ni.

Ta yi mini bayani. Malamin da ya zo addu'a ya dubi kabad ɗin ya yi shiru, ita kuwa ta gane shirun. Surar mai rai a jere cikin gilashi nauyi ce a kan mamaci, amma in ta koma abin wasan yara babu laifi. Sai ta nemi izinin matar, matar tana cikin hawaye ta ce a yi duk abin da zai sauƙaƙa masa. Aka kira yaran da ke gidan, kowa aka danƙa masa ɗaya, aka ce su yi wa baffa addu'a. "Ga sadaka, ga yara sun bar mana ihu," in ji ta. "Ladan ya riga ya isa gare shi."

Da alheri ta yi, har yau ban ce da wani abu ta yi ba. Na tsaya ina kallon tsakiyar kabad ɗin. Abin da ke bakina shi ne in tambaya wa aka ba mai shuɗiyar rigar. Amma uwar ɗan fari ba ta bin kayan ɗanta da tambaya, balle ƴar tsana, balle abin da aka riga aka bayar sadaka da sunansa. Na ce, "Allah ya karɓa." Na koma sama, na shiga banɗaki, na buɗe famfo har ƙarshe don kada a ji.

Da matar ta gama takaba, gidan ya yi mata girma, ta shirya komawa wurin ƴar'uwarta. Ran da muke ɗaure kaya ta durƙusa a gabana ta ce, "Mma, mutanensa na cikin gilashi, na yi daidai kuwa? Wani lokaci sai in ji kamar zai shigo ya tambaye ni." Na ce ta yi daidai. Me zan ce wa yarinyar da ta rame har zobenta na faɗuwa?

Ni kuma autata ta ɗauke ni zuwa Alexandria, cikin dogayen benayen nan da mutum ke hango motoci a ƙasa kamar tururuwa. Na zo da akwatina da carbina. Ko hularsa ba ni da ita. Hotonsa akwai a waya, amma hoto ba hannunsa ya yi ba. Duk gidan da muka je barka ko gaisuwa, sai idona ya riƙa bin ƙasan kujeru da kwandon wasan yara. Na ga mai doki a wani gida, ba kai. Na ga mai tuta a soke cikin tukunyar fure. Na kau da kai. Autar ce ta lura, don ita ba a hana ni sakewa da ita ba, ita nake zagi ita nake runguma. Ta matsa mini har na gaya mata rabin maganar, ta ƙarasa sauran da kanta.

Bazara ta sake zagayowa aka yi suna a wani bene kusa da namu, gidan wani direba ɗan Maraɗi, abokin aikin marigayin. Mata cike da falo, ana ci ana hira, aka ba ni kujerar manya. Sai ga yayar jaririn, ƴar yarinya da ko haƙori ba ta fara famfara ba, ta zo ta jingina da gwiwata kamar ta san ni, hannunta a dunƙule. Na ce, "Ƙawata, me kika ɓoye mini?" Ta buɗe hannu.

Shi ne. Karen ya karye ya tafi, hancin ya goge har dalma ta fito, furannin zinariya saura kaɗan. An ɗaura masa jan zare a wuya. Na karɓa na juya bayansa. Layin yana nan a bayan kafaɗar hagu.

Yarinyar ta yi wata magana da Turanci, uwarta mai jego ta fassara tana dariya, wai kakanta ne, shi ke gadinta in za ta kwanta, kuma ba ya son wanka. Sai uwar ta ce, "Hajiya, ai na wajen marigayi ne. Tun ranar ba ta rabuwa da shi, ko makaranta za ta sai an yi faɗa. Wallahi duk sanda na tsince shi a ƙasa sai na ce Allah ya jiƙan mai shi. Babanta ma haka."

Autata tana tsaye a bayana. Ta sunkuyo ta ce, "Inna, bari in yi magana. Gobe sai in saya mata babba mai gashi, ta manta da wannan." Ba ta iya raɗa ba tun tana ƙarama, mai jegon ta ji. Ta dube ni, ta dubi hannuna, na ga ta gane. Ta ce, "Hajiya, don Allah ki riƙe. Ba mu sani ba ne. Naki ne." Ta shiga lallashin yarinyar. Yarinyar ta ƙanƙame gefen zanena, idonta a kan hannuna. Hira ta tsaya, matan duk suka juyo.

Yana cikin tafin hannuna, da ɗumin hannun yarinyar a jikinsa. In na rufe hannu shi ke nan, ba wanda zai zarge ni. Amma sadakarsa ce. An bayar da sunansa, an ce amin, ga ta kuma tana aiki, tana jawo masa addu'a daga bakin mutanen da ba su haife shi ba. Bai bar ɗa ba, bai bar ƴa ba. In na karɓe, daga wurinsa na karɓe in ajiye wa kaina. A wurina cikin akwati zai kwanta, ni kaɗai zan riƙa gani, ni kuma kwana nawa ya rage mini.

Na ce, "Ke, me zan yi da ƴar tsana da tsufana? Dubawa kawai na yi in ga ko an iya rini." Matan suka yi dariya, aka saki jiki. Na kama hannun yarinyar na sa mata shi, na naɗe yatsunta a kai. Na ce wa uwar ta gaya mata kada ta riƙa sa shi a baki. Ta ruga da gudu ta shige ɗaki.

Na ci abincin suna, na karɓi jariri na sa masa albarka. A cikin lif autar tana kuka tana cewa, "Don me, Inna? Ai ita da kanta ta ba ki." Na ce ta share fuska, akwai mutane a ƙasa. Ban sake ganin mai shuɗiyar rigar ba. Direban ya sami aiki a wata jiha mai nisa, suka tashi kafin sanyi ya shigo.

Cikin waɗanda suka zauna makokin nan, Hajiyar Takoma ta rasu bara. Ni na zuba ruwa ana yi mata wanka, ta tafi ba ta san abin da ta raba ni da shi ba. Malamin da ya yi addu'a ya koma gida, can aka ce ya cika. Ƴar Kumasi tana nan, ta yi aure, takan bugo mini waya ran Juma'a, har yanzu Mma take ce mini. Direban da matarsa suna raye, ana jin labarinsu a bakin mutane, yarinyar an ce ta yi tsawo. Sai autata, sai ni.